Wuyan Gwaggo, Inci Sha Huɗu

A bayan ƙofar shagonmu akwai rubutu da biro, layi-layi, daga daidai kan mutum har kusa da gwiwa. Baƙo in ya gani ɗauka yake awon masu kawo ɗinki ne. Ba shi ba ne. Awon wuyanmu ne, mu 'yan gidan, shekara bayan shekara. Layi na biyu na Gwaggo ne, ƙanwar babana, kuma daga sama har ƙasa lamba ɗaya ce: sha huɗu, sha huɗu, sha huɗu. Wannan lambar ce ta ci wa Gwaggo hannun dama, kuma na ƙasa-ƙasan nan da hannuna na rubuta su. Sau uku ina sayo fenti in shafe ƙofar, sau uku ina fasawa. Duk safiya in na buɗe shago sai na gan ta, duk safiya kuma sai raina ya ɓaci.

Abin ya samo asali ne daga Kaka, mahaifiyar Baba da Gwaggo. Maƙoƙo gare ta, ba ɗan ƙarami ba, irin wanda ke cika wuya har mutum ya kasa sunkuyawa ya dubi ƙafarsa. Ni ban riske ta ba, amma na ji labarin har na haddace: yadda take naɗe wuya da mayafi ko ana zafin fitar rai, yadda yaran layi ke bin ta da dariya, yadda a ƙarshe numfashinta ya koma fito. Ita da bakinta ta ce abin ya fara ne kamar ƙwallon dabino, ba wanda ya kula. Baba bai manta da wannan maganar ba. Da ya zama tela ya mallaki tef, sai ya ga ai ya samo maganin abin. Farkon kowace shekara sai ya jera mu a shago, manya da yara, ya zare tef daga kafaɗarsa.

"Ɗaga haɓa. Kar ka haɗiye yawu."

Ya zagaya tef ɗin nan mai sanyi, ya kanne ido ɗaya, ya juya ya rubuta a ƙofa. In babban mutum ne kuma lambarsa ba ta motsa daga ta bara ba, sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Lafiyarka lau. Na gaba." Haka muka tashi. A gidanmu ciwon wuya da inci ake auna shi, in tef bai gan shi ba to babu shi. Da Baba ya rasu na gaji shago, na gaji keken da ke bakin taga, na gaji tef, na kuma gaji wannan wautar ina ɗaukarta hikima.

Gwaggo ta shigo shagon ne bayan mijinta ya rasu, ni ina ɗan shekara takwas. Baba ya so ya ɗora ta a keke, ta yi kwana biyu ta ce ita ba za ta zauna tana sauraren surutun ƙarfe ba. Ta zaɓi teburin guga a lungun baya, inda babu taga sai fanka ɗaya mai ciwon wuya, ta tsaya a nan shekara ashirin da bakwai. Ta fara da dutsen gawayi, ta koma na lantarki, amma har gobe ba ta yarda da ɗan maɓallin da ke nuna zafi ba. Yatsa take lasa ta taɓa ƙasan dutsen, ƙarar da ta ji ita ke gaya mata ko ya yi. Ruwanta a kwalba yake mai hudajjen murfi, kuma wanda ya sha mata shi ya shiga uku.

Kowace riga ciki take fara gogewa, wai a nan ake gane tela. In ta ga ɗinki ya karkace, ba ta kawo maka a hannu. Jefo maka take ta saman katakon da ya raba lungunta da mu. Wanda ya fi shan jifa shi ne Dogo, abokin aikina da ke keken bakin ƙofa, magidanci mai 'ya'ya biyar.

"Dogo, wannan hannun riga ne ko hanyar tsere wa 'yan sanda?"

"Haba Gwaggo, ai mai rigar ma ba zai gani ba."

"Ni na gani. Farke."

Ya farke kuwa. Ni ma farkewa nake, ko da na zama mai shago. Ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Ƙarami, don Baba ne babban tela, kuma a wajenta ko furfura ta cika mini kai ban wuce haka ba. Masu kawo mana ɗinki da yawa ba don ɗinkinmu suke zuwa ba, na san wannan ko da ba na so. Karin gugar Gwaggo ke kawo su. Wandon da ta goge sai ka sa shi sau uku karin na nan tsaye.

Tana gab da shekara sittin ta fara canzawa, kuma ba wanda zai ce bai gani ba. Gumi ya riƙa jiƙa mata riga tun kafin dutse ya yi zafi. Muka ce aikin wuta ne. Ta riƙa ci kamar me tana ramewa. Muka ce tsufa ne. Faɗanta ya ƙaru, abu kaɗan ta hau mutum ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Muka ce ai Gwaggo ce, yaushe ta taɓa yin sanyi? Kowane abu mun tanadar masa amsa, don amsar ta fi sauƙi a kan rufe teburin guga na yini ɗaya. Wani lokaci za ka ga ta ajiye dutsen ta dafe ƙirji.

"Ƙarami, abin nan ya sake. Zuciyata sai ta yi gudu, ta tsaya, ta sake zabura."

Dogo ya ce, "Gwaggo, ko dai wani tsoho ne ya yi sallama?"

Muka yi dariya. Har da ni. Ta jefe shi da kwalbar ruwa, muka ƙara wata dariyar, aka koma aiki. In na tuna wannan dariyar ji nake kamar in mari kaina.

Matata ce kaɗai mai hankali a cikinmu. Ranar da ta ga kofin shayi na rawa a hannun Gwaggo har yana zuba, ba ta nemi shawarar kowa ba, ta sa ta a gaba sai asibitin unguwa. Suka yi layi tun safe, aka ɗebi jini, aka ce su dawo bayan kwana biyu. Suka dawo suka sake wani layin. Da suka shiga wajen likita, in ji matata, ko minti uku ba su yi ba. Mutumin bai ɗago kai sosai ba. Ya dubi takarda ya ce akwai wani abu a maƙogwaronta da ke aiki fiye da kima, amma kaɗan ne, ba abin tayar da hankali ba ne, ta dawo bayan wata uku a sake gwaji. Ya juya takardar ya yi wani ɗan rubutu a baya, ya miƙa musu, ya danna ƙararrawa.

Na san mutane sun yi masa yawa. Na san akwai wasu hamsin a waje suna jira, wasu sun fi Gwaggo jin jiki. Duk na sani, kuma ban huce ba. Mace ta gaya maka ƙirjinta na tsalle, abin sauraren ƙirji na rataye a wuyanka, ɗora shi a ƙirjinta zai ɗauke ka minti nawa? Kalmar zuciya ma ba ta fito daga bakinsa ba. Maƙogwaro ya ce. Kuma ya faɗa wa gidan da suke ganin sun fi kowa sanin maƙogwaro.

Suka shigo shago da yamma, Gwaggo na riƙe da takardar. Fuskarta ba yadda na saba gani ba. Tsoro ne, kuma ban taɓa ganinsa a wajenta ba.

"Ƙarami, wai ciwon Inna ne zai kama ni?"

Inna take kiran mahaifiyarta. Ni kuwa sai na ji kaina ya kumbura, ga ranar da gadon Baba zai yi amfani. Na zare tef.

"Ɗaga haɓa, Gwaggo. Kar ki haɗiye yawu."

Na zagaya, na kanne ido, na kai ta bakin ƙofa na nuna mata da yatsa. Bara sha huɗu. Bara waccan sha huɗu. Yau sha huɗu, ko rabin layi bai ƙaru ba.

"Kin gani? Ina maƙoƙon yake? Su dai ba sa barin mutum ya fita hannu biyu, sai sun laƙaba masa wani abu. Lafiyarki lau."

Matata ta ce, "Amma fa ya ce a koma."

"Za a koma mana. Wa ya ce ba za a koma ba?"

Gwaggo ta sauke ajiyar zuciya, ta shafa wuyanta, har ta yi murmushi. Ta ajiye takardar a kan teburin yanka ta koma lungunta ta kunna dutse. Ta yarda da ni, don tef ɗin yayanta ne a hannuna.

Wata uku ya cika daidai lokacin da makarantu ke shirin komawa, mu kuma mun karɓi ɗinkin kayan 'yan makaranta har na makarantu biyu. Riguna sun taru a lungun Gwaggo har ba a ganin fankar. Ta tuna, ita. Ta leƙo ta saman katako ta ce, "Ƙarami, watan nan ne fa na komawa." Na ce ta bari mu fita daga wannan aikin. Muka fita, wani ya shigo. Ta sake tunawa sau ɗaya bayan nan, na sake zare tef, sha huɗu. Daga nan ba ta ƙara magana ba, matata ma haihuwa ta ɗauke mata hankali. Shekara biyu suka wuce a haka, Gwaggo na gumi tana dafe ƙirji, ni ina rubuta sha huɗu a ƙofa.

Ranar Talata ce da rana tsaka. Ina yanka, Dogo na kan keke, rediyo na yi. Ƙauri na fara ji. A shekara ashirin da bakwai hancina bai taɓa jin ƙaurin tufa daga lungun nan ba, shi ya sa na ɗauka daga waje ne. Sai Dogo ya ce, "Gwaggo, yau ke ce da ƙona riga?" Ba ta amsa ba. Gwaggo a tsokane ta ta yi shiru? Na yar da almakashi na zagaya. Dutsen na kwance a kan farar riga, hayaƙi na tashi. Ita tana ƙasa, jingine da ƙafar tebur, bakinta ya karkace, idonta a kaina. Tana so ta yi magana, abin da ke fita ba magana ba ne. Hannun hagunta na nuna mini dutsen, wai in ɗaga shi daga kan rigar mutane.

A babban asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Kwana na biyu wata likitar zuciya, mace mai gilashi da ba ta gaggawar magana, ta kira ni gefe. Ta ce zuciyar Gwaggo ba a tsare take bugawa ba, kuma ga alama ta daɗe a haka. Zuciyar da ke irin wannan bugun jini kan kwanta a cikinta ya daskare, gudan ya ɓalle ya tafi kai ya toshe hanya. Abin da ya faru ke nan. Ta ce sun gwada jininta sun ga inda matsalar ta fi yiwuwa ta taso: wata 'yar tsoka a gaban maƙogwaro, su tayirod suke ce mata, ita ce in ta kumbura ake kira maƙoƙo.

Na ce, "Likita, ba ta da maƙoƙo. Ni nake auna wuyanta duk shekara."

Ta dube ni ta saman gilashi. "Da me?"

"Da tef. Tela ne ni."

Ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Malam, ba sai ta kumbura take ɓarna ba. Ta gwaggonka aikinta ya ɗan wuce kima ne, da kaɗan. Wani zai zauna da hakan bai ga komai ba. Amma a wasu, musamman manya, kaɗan ɗin nan in ya daɗe yana ingiza zuciya har ta rikice. Jini ke nuna shi, tef ba ya nunawa. An taɓa yi mata gwaji a baya?"

Na ce an taɓa. Ta ce in kawo takardar.

Na koma shago na birkice ko'ina. Aljihun tebur, kwalin zare, ƙarƙashin keke, babu. Ina tsaye ina huci sai idona ya sauka a kan ƙusar da muke rataye takardun yanka, waɗanda muke ɗorawa a kan yadi mu zagaya da alli don kwala da aljihu su fito daidai. A shagon tela duk takarda mai ɗan kauri da ta kwana a tebur ta zama tamu. Ga ta nan a tsakiyarsu, ta yi baƙi da alli da gumin hannu, an yanke ta siffar aljihun rigar makaranta. Ba Dogo ne ya yanke ta ba, ba ni da wanda zan ɗora wa. Na tuna ranar sarai: ina neman abin da zan fitar da aljihu, na ga takarda mai kyau a kusa, na sa almakashi.

Haka na kai wa likitar, aljihu guda. Ta karɓa ta juya shi a hannu. Rabin lambobin sun tafi da almakashi, amma kwanan wata na nan, lambar da take nema ma na nan. Ta juya bayan, ta karanta wancan ɗan rubutun da babu wanda ya iya karantawa a cikinmu.

"Ya rubuta a sake gwaji bayan wata uku. Ya kuma rubuta a duba bugun zuciya."

Ashe ya sani. Ya san zuciya na cikin maganar, ya rubuta wa takarda, bai gaya wa mai zuciyar ba. Wa ya rubuta wa? Mace mai guga da matar tela, su karanta wannan tsutsar rubutun? Na ji kamar in tafi in shaƙe shi. Sai kuma na dubi abin da ke hannun likitar. Aljihu sama da ɗari huɗu na fitar da takardar nan. Sau ɗari huɗu ina danne kalmar da yatsana ina zagaya ta da alli.

Na ce, "Da ta koma, da hakan ba ta faru ba?"

"Ba zan rantse maka ba," in ji ta. "Amma da an saurari ƙirjinta, akwai abin da za a ba ta."

Akwai kuwa. 'Yan ƙwayoyi ne ƙanana, ɗaya na maƙogwaron, ɗaya na daidaita bugun, ɗaya na hana jini daskarewa. Cikin wata biyu gumin ya tsaya. Ta fara mayar da jiki. Hannun hagu ya daina rawa, tana riƙe kofi ko ɗigo ba ya zuba. Abin da muka yi shekaru muna kira zafin dutse, muna kira tsufa, muna kira halin Gwaggo, ga shi ya tafi da abin da bai kai maɓallin riga girma ba. Hannun dama ne dai bai dawo ba. Yana kan cinyarta, in ya zame sai ta sa na hagu ta ɗauko shi. Wannan sauƙin da ta samu ya fi komai ƙona mini rai.

Na kwashi ƙannena duka na kai su gwajin jini, ni ma na yi. Dogo ya daina tsokana, wata rana na same shi a lungun yana goge teburin da ba mai amfani da shi. Guga yanzu waje muke kaiwa, kuma ana dawo mana da ita yadda aka ga dama. Ba wanda ke jefo mana riga.

Gwaggo na gidana, a ɗakin da ke kallon tsakar gida. Magana ta dawo mata, amma da nauyi, kalma ɗaya-ɗaya. Ba ta taɓa ce mini kai ne ba. Na so ta faɗa. Na so ta yi mini wankin babban bargo irin na da, in samu abin da zan sunkuyar wa kai. Ta ƙi.

Makon jiya matata ta ce rigunan Gwaggo duk na sawa ta kai ne, suna wahalar da ita, in ɗinka mata masu buɗewa ta gaba. Gwaggo kuma ta rame ta sake cikowa, tsohon awo ba zai yi ba. Na shiga da tef da hantsi, na same ta zaune a bakin gado. Na auna kafaɗa. Na ɗaga hannun daman da kaina na auna, yana da nauyi da sanyi, na mayar mata da shi kan cinya a hankali. Na auna ƙirji, na auna tsawo, na rubuta, na fara naɗe tef.

"Ƙarami."

"Na'am, Gwaggo."

"Ka... tsallake."

"Ba sai na auna ba. Na san shi."

"Auna."

Ta ɗaga haɓa da kanta, ba sai na ce ba. Ta riƙe yawunta. Na zagaya tef ɗin, a ƙarƙashin yatsuna ina jin jijiyar wuyanta na bugawa.

"Nawa?"

Na dubi lambar, na sake dubawa.

"Nawa, na ce."

"Sha huɗu."

Ta dube ni. Ɓarin bakinta mai motsi ya ɗan ɗaga. Ta miƙo hannun hagu ta dafa kafaɗata, daidai inda Baba ke dafawa.

"Ashe... lafiyata lau," in ji ta. "Na gaba."

Babu na gaba. Ni kaɗai ne a gabanta, da tef a hannu.